Kwandaloli uku na tsohuwar Jamus: wa ya buga su, kuma ta ukun jabu ce?

Baban Sadiya ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu tara tsofaffin kuɗi. Ina neman taimakon waɗanda suka san kuɗin azurfar Jamus na ƙarni na 17. Na sayi kwandaloli uku a haɗe a wani gwanjo, an zuba su cikin ambulan ɗaya, abin da aka rubuta a bayansa kawai shi ne tsofaffin kuɗin Jamus ne, ba a tantance su ba. Ni kuɗin ƙarni na 19 na saba tarawa, waɗanda sunan ƙasa da darajar kuɗin suke rubuce ɓaro-ɓaro. Waɗannan kuwa sun ɗaure mini kai. Ga kamanninsu yadda nake ganinsu a ƙarƙashin gilashi.

Ta farko ƙarama ce siririya, faɗinta milimita 20, nauyinta giram 1.42. A fuska ɗaya akwai ƙwallo da gicciye a kansa, cikin ƙwallon an rubuta abin da idona ke karantawa Z4. Gicciyen ya raba lambobi biyu, 16 a hagu, 17 a dama. Rubutun da ya kewaye bakin ya fara da MATTI, sai D G, sai R I S A. A ɗaya fuskar akwai wani abu naɗaɗɗe mai kama da lamba 6 mai ƙiba, da kambi a samansa. Rubutun wannan fuskar ya side, abin da na iya cirowa shi ne MO NO a farko da TINGE wajen ƙarshe. Na bi sunan Matthias na duba kuɗin da aka buga masa a Vienna da Prag, ban ga ko ɗaya mai wannan siffa ba.

Ta biyu ita ce ta sa na sayi ambulan ɗin. Babba ce, milimita 43, giram 28.71. Akwai wani ƙato tsirara, jikinsa duk gashi, ya ɗaura ganye a ƙugu da ka, yana riƙe da kututturen itace da aka tumɓuke. An rubuta DEO ET PATRIAE da shekarar 1629. Bayanta garkuwa ce mai ɗakuna da yawa, da hulunan kwano biyar a jere a sama, da suna FRIDERIC ULRIC. Na kuma ga haruffa H da S, da wasu 'yan mabuɗai biyu a gicciye. Abin da ya dame ni shi ne saman kan mutumin, daidai bakin kwandalar, wurin ya fi sauran sulɓi, kamar an goga.

Ta uku kuwa ina zaton an cuce ni. Milimita 26, giram 2.6, launinta ja-ja kamar jan ƙarfe, sai 'yan wurare tsakanin haruffa da fari ya saura. Gaggafa mai kai biyu, 12 a ƙirjinta, FERD II a rubutun, shekara 1621. Bayanta zaki ne a tsaye bisa ƙafafun baya. Bugun ya karkace, rabin rubutun ma bai hau ba.

Tambayoyina: wane ne ya buga ta farko? Gogewar da ke bakin ta biyu mece ce? Ta uku jabu ce in ware ta? Sannan ko in wanke su, don ta biyun ta yi baƙi ƙwarai a lungunan garkuwar. Allah ya saka da alheri.

Dattijo ya amsa:

Wa alaikumus salam. Baban Sadiya, kwatancenka ya yi kyau, ka ba da nauyi da faɗi da rubutu, shi ya sa amsar ba za ta yi wuya ba. Kafin komai, ajiye maganar wanki, kada ruwa ko tsumma ya taɓa su tukuna.

Inda ka ɓace hanya a ta farko shi ne sunan Matthias. Sunan Kaisar ne, wato babban sarkin daula, amma ba shi ne mai kuɗin ba. A wancan zamani babu ƙasa ɗaya mai suna Jamus da ke buga kuɗi. Daular Rum Mai Tsarki ce, cikinta akwai ɗaruruwan masu iko, sarakuna manya da ƙanana, bishop-bishop, shugabannin gidajen ibada, da birane, kuma da yawansu suna da haƙƙin buga nasu kuɗin. Dokar kuɗi da aka yi a Augsburg a 1559, zamanin Ferdinand na I, ta ce fuska ɗaya ta ɗauki alamar daula da sunan Kaisar, ɗayar kuma ta mai bugawa ce. Don haka duk lokacin da ka ga ƙwallo mai gicciye ko gaggafa mai kai biyu tare da sunan Kaisar, juya kwandalar, can mai ita yake. R I S A ɗin da ka karanta taƙaitaccen laƙabinsa ne da Latin, Romanorum Imperator Semper Augustus, D G kuwa Dei Gratia, wato da yardar Allah. Za ka yi ta cin karo da su har ka daina lura.

Amfanin sunan Kaisar gare mu masu tarawa shi ne kafa lokaci. In shekara ta side, sunan zai tsare maka ita: Maximilian na II daga 1564 zuwa 1576, Rudolf na II daga nan zuwa 1612, Matthias 1612 zuwa 1619, Ferdinand na II 1619 zuwa 1637. Taka 1617 ce, ta faɗa daidai cikin zamanin Matthias, ba saɓani.

Abin naɗaɗɗen nan mai kambi harafin G ne a tsohon salon rubutunsu. Haɗa shi da TINGE, ka sami Göttingen. MO NO kuma Moneta Nova ce, sabon kuɗin birnin. Maƙwabtansa ma haka suke yi, Einbeck na sa E, Northeim na sa N. Wasu biranen alama suke sawa maimakon harafi: Bremen mabuɗi ɗaya, Regensburg mabuɗai biyu a gicciye, Hamburg ganuwa mai hasumiya uku, Mainz ƙafar keke, gidan Lippe furen wardi. Wanda ya haddace irin waɗannan alamomi ya gama rabin aiki tun kafin ya karanta harafi ɗaya.

Z4 kuwa 24 ce, masu sassaƙa hatimi na lokacin sukan rubuta 2 kamar Z. Ma'anarta sai ka tara irinta 24 ka sami taler ɗaya, wato babbar kwandalar azurfa ta lokacin. Irin wannan ƙaramar ita ake kira groschen.

Yanzu dubi nauyinta, don shi ne zai kai mu ga ta ukun. Groschen irin wannan na shekarun 1570 yakan kai wajen giram 2. Taka ba ta kai ɗaya da rabi ba, kuma ba sidewa ce kaɗai ta rage ta ba, haka aka yanka ta. Dalili kuwa yana cikin dokar kanta. Dokokin daula sun ɗora wa ƙananan kuɗi azurfa mai yawa, alhali wahalar buga ƙananan kwandaloli 24 ta ninka ta buga babba guda ɗaya nesa ba kusa ba. Duk gidan da ya bi doka a kan ƙananan kuɗi asara yake yi. Sai manyan gidajen da ke da ramukan azurfa suka fi karkata ga taler, canji ya yi ƙaranci a kasuwa, ƙananan masu iko suka cike gurbin da kuɗi mara cikakken nauyi. Shekara bayan shekara ana ɗan ragewa. Da yaƙi ya ɓarke a Bohemiya a 1618, wanda ya zama Yaƙin Shekara Talatin, kowane basarake na neman abin biyan soja, sai abin ya ɓalle gaba ɗaya.

Wannan lokaci shi ake kira Kipper und Wipper, ya yi tsanani daga 1620 zuwa 1623. Dillalai na yawo gari-gari da sikeli, suna sayen kuɗi mai nauyi da sabon kuɗi mara kyau, su kai gidan bugu a narke, a zuba jan ƙarfe, a sake bugawa. Taler da ake canzawa kreuzer 90 (kreuzer ƙaramin kuɗin kudu ne) 'yan shekaru kafin nan ta kai 600 a kudancin ƙasar a 1622. Masu albashi da masu bin bashi suka tsiyace, manoma suka ƙi sayar da hatsi da wannan kuɗi, aka yi tarzoma a birane irin su Magdeburg da Halle, ana fasa gidajen 'yan canji. A 1623 aka janye kuɗin, aka tsayar da taler a kreuzer 90.

To kwandalarka ta uku 'yar wannan shekarun ce, kreuzer 12 ta 1621. Ba jabun zamani ba ce, kuma a ganina ba a cuce ka ba ko kaɗan. An cuci wanda ya karɓe ta a kasuwa a 1621, wannan gaskiya ne, amma hukuma ce ta buga ta. Farin da ka gani tsakanin haruffa ma shaida ce mai kyau. Kafin a buga, sukan tafasa faifan a ruwa mai tsami da gishiri, ruwan ya cinye jan ƙarfen da ke sama ya bar fatar azurfa siririya. Tana fitowa fes, bayan 'yan makonni a hannun mutane sai jan ya bayyana a wuraren da suka tudu, farin ya maƙale a kwari. Karkataccen bugun ma na lokacin ne, sauri ake yi, ba mai duba kyau. Ni a wurina ita ce ta fi sauran biyun labari.

Da zakin nan da kuma abokan tafiyarta, na fi zaton ta ƙasar Braunschweig-Wolfenbüttel ce. Friedrich Ulrich, wanda sunansa ke kan babbar, ya yi mulki daga 1613 zuwa 1634, kuma ƙasarsa na cikin waɗanda suka fi nutsewa a wannan ɓarna, gidajen bugu gommai aka buɗe a ƙarƙashin Anton von der Streithorst da mutanensa, har aka tuɓe su a 1622. Göttingen ma a hannun gidansa take a lokacin. Babbar dai na bar wa Hajiya Maman Iliyasu, ta fi ni sanin kuɗin Harz.

Maman Iliyasu ta amsa:

Baba Dattijo, Allah ya ƙara lafiya, ka ɗora mini nauyi. Malam Baban Sadiya, barka da samu.

Taler ce ta Friedrich Ulrich, irin da ake kira ta mutumin daji. Ƙaton nan mai gashi alamar duwatsun Harz ce, inda gidan Braunschweig ke haƙar azurfarsu, a Zellerfeld da Clausthal da Andreasberg da dutsen Rammelsberg kusa da Goslar. DEO ET PATRIAE taken Friedrich Ulrich ne, don Allah da ƙasa. Ka riƙe wannan, domin kowane basaraken gidan da nasa taken, kuma in suna ya side taken zai faɗa maka ko wane ne. Mahaifinsa Heinrich Julius yana sa HONESTUM PRO PATRIA. Kakansa Julius yana sa ALIIS INSERVIENDO CONSUMOR, kuma a nasa mutumin dajin har kyandir yake riƙewa. August, wanda ya gaji Wolfenbüttel bayan Friedrich Ulrich ya mutu ba ɗa, da Jamusanci ya rubuta nasa, ALLES MIT BEDACHT. H S da mabuɗai biyu kuwa alamar shugaban gidan bugu ce, Henning Schlüter, wanda ya riƙe aikin a Harz tun tsakiyar shekarun 1620 har 1672. Shekarar 1629 ta dace da shi.

Nauyin bai tayar mini da hankali ba. Majalisar daula a 1566 ta tsayar cewa a fitar da taler 9 daga mark ɗaya na tsantsar azurfa, mark na Kolon kuwa giram 233.86 ne. Kowace taler ta zama giram 29.23, azurfarta kashi 889 cikin 1000, wato kusan giram 26 na tsantsa. Wadda ta yi yawo a hannu takan sauka tsakanin 28.5 da 29. Taka tana ciki. Da ka ce mini 26 ko 31 da na ce a dakata.

Sai sulɓin baki. Ina jin tsohon wurin marataya ne. Mutanen ƙasar sun daɗe suna liƙa wa taler ɗan zobe a sama su rataya a wuya ko a sarƙar ado, musamman masu hoton waliyyi ko waɗanda aka ba yaro kyauta ranar baftisma. Daga baya wani ya cire zoben ya goge wurin da magagari don ya sayar wa masu tarawa. A takardun gwanjon Jamus za ka ga an rubuta Henkelspur, wannan ke nan. Yi haka: riƙe ta a tsaye tsakanin yatsu biyu, ka sa fitila ta hasko daga gefe, ka riƙa juya ta a hankali kana duban kaurin bakin. Bakin taler na wancan zamani ba shi da rubutu ko tsaga, amma yana da 'yan ƙuraje da ƙananan tsagu na yanka da bugu. In ka iso saman kan mutumin ka ga wurin ya miƙe sumul, ko launinsa ya ɗan bambanta, fari-fari ko rawaya-rawaya, ragowar abin liƙi ne. Duba kuma haruffan da ke ƙarƙashin wurin, sau da yawa wuta takan narkar da kansu, wani ya bi da ƙarfe ya sake zana su, sai su fi 'yan'uwansu kaifi.

Kada ka haɗa wannan da wasu layuka a jere da za ka gani a fuskar taler na ƙarni na 18. Waɗancan daga gidan bugu suke, in faifai ya fi nauyi sai a kankare shi da magagari kafin a buga, kuma ba a ɗaukarsu aibi kamar na marataya.

Alamar marataya tana rage kuɗin kwandala sosai a wurin masu saye, ba zan ɓoye maka ba. Amma ni ba na ƙyamarta. Ina da taler ta Mansfeld mai Waliyyi George bisa doki yana sukar dodo, irin da sojoji ke ratayawa a matsayin kariya, kuma wurin zobenta a fili yake. Na fi son ta a haka da a ce wani ya bi ya share shi ya yi ƙarya. Abin da na tsana shi ne a goge filin da ke bayan hoton don ya yi ƙyalli. Duba naka da gilashi, tsakanin ƙafafun mutumin da gefen kututturen. In ka ga 'yan layuka sirara duk sun nufi gefe ɗaya, an goge. In filin yana da ɗan gautsi da tabo nan da can, lafiya lau.

Baƙin da ke lungunan garkuwa kuwa ka bar shi. Shi ne ke fito da zanen, kuma shekaru ɗari huɗu ne suka haɗa shi. Man goge azurfa, garin soda, ruwan lemon tsami, duk suna cin fatar kwandala, kuma abin da suka ci ba ya dawowa. In akwai maiƙo ko ragowar gam, a tsoma a asiton mai kyau na ɗan lokaci a bar ta ta bushe da kanta, ba tare da gogawa ba. Ta ukun ma ta fi hatsari, ɗan farin da ya rage mata tsumma ɗaya zai tafi da shi.

Baban Sadiya ya sake rubutawa:

Baba Dattijo, Hajiya, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi. Na duba bakin da fitila yadda Hajiya ta ce. Wurin ya miƙe kusan tsawon milimita 6, kuma akwai ɗigon rawaya ƙarami a gefensa. Filin bayan mutumin dai ban ga layuka ba. G ɗin Göttingen kuwa yanzu da aka faɗa mini ina ganinsa sarai.

Saura abu biyu. Baba ya ce doka ta sa a rubuta sunan Kaisar, to me ya sa babbar ba ta da shi ko gaggafa? Na biyu, 24 a ta farko na nufin kashi ɗaya cikin 24, amma 12 a ta uku an ce kreuzer 12 ne. Ta yaya mutum zai san lokacin da lamba ke rabawa da lokacin da take tarawa?

Ɗan'auta ya amsa:

Yaya Baban Sadiya, tambayarka ta biyu ita ce ta fi wahalar da sababbin shiga, bari in taɓa ta kafin manya su dawo.

Ƙasar ta rabu gida biyu wajen lissafi. Arewa da tsakiya suna lissafi da taler da groschen, su ne suka fi sa lamba mai rabawa: 24 cikin ƙwallo kashi ɗaya cikin 24 na taler, 48 rabin wannan, 16 a kuɗin yankin Hamburg da Lübeck shilling biyu ne, kashi ɗaya cikin 16. Kudu da ƙasashen Habsburg suna lissafi da gulden da kreuzer, gulden ɗaya kreuzer 60, su kuma lambarsu tarawa take yi: 2 ko Z kreuzer biyu, 3 kreuzer uku, 60 a ƙirjin gaggafar babbar kwandala gulden cikakke. A shekarun Kipper 'yan arewa suka riƙa buga 12 da 24 irin na kudu, saboda can ake kwasar kuɗin a kai a kashe, nesa da gida. Shi ya sa taka take da lissafin kudu ko da a arewa aka buga ta.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka haɗa lambar da girman abin da ke hannunka. Mai 24 da ba ta kai giram 2 ba rabawa take yi. In ka ga babba mai rubutun 24 MARIENGROSCHEN, tarawa ce, kuma da yake taler ɗaya mariengroschen 36 ce, wannan kashi biyu cikin uku ke nan, daidai da waɗanda aka rubuta wa 2/3 bayan yarjejeniyar Zinna ta 1667 da ta Leipzig ta 1690. Kalmar EINEN kuma in ta biyo lamba rabawa ce kullum, 12 EINEN THALER na nufin sai 12 su yi taler. A ƙarni na 18 za ka ga X EINE FEINE MARK, wannan kuma nauyin azurfa yake faɗa, guda 10 daga mark ɗaya, tsarin da Ostiriya da Bavariya suka amince da shi a 1753.

Sai kuma inda na ɗan saɓa da Baba Dattijo, da neman afuwa. Ban yarda a rubuta wa ta ukun Braunschweig a takarda ba tukuna. Zaki a tsaye ba na gida ɗaya ba ne, Hessen na da shi, Pfalz na da shi, Schwarzburg da Reuss da Jülich duk suna da shi. Kuma masu buga kuɗin Kipper da gangan sukan ɓoye kansu, su bar sunan basarake su sa wata jimlar Latin ta addu'a, ko su jera haruffan da ba mai gane su, don kada masu binciken kuɗi na yankin su kama su. Zamansu cikin ambulan ɗaya ba hujja ba ce, mai gwanjo yana iya haɗa ragowar akwatuna uku. Ka duba ko zakin yana da kambi, ko jelarsa ɗaya ce ko ta rabu biyu, ko jikinsa na da ratsi a kwance, don na Hessen mai ratsi ne. Ka kuma rubuto mana duk harafin da ya hau a wannan fuskar, ko guda uku ne, da tazarar da ke tsakaninsu. Ɗakin ajiyar kuɗi na Berlin da ke gidan tarihi na Bode ya sa hotunan kayansa da yawa a intanet, da na Dresden, kana iya gwada naka da nasu. Kafin a tabbatar, rubuta kreuzer 12, Kipper, 1621, wurin bugu ba a tantance ba.

Dattijo ya sake amsawa:

Ɗan'auta ya yi gaskiya a kan takarda, a rubuta abin da aka tabbatar kawai. Ina nan a kan zatona, saboda yawan abin da ƙasar Friedrich Ulrich ta zubo a 1621 ya sa duk mai zaki da 12 da ta zo hannuna daga can nake fara nema, amma haruffan ne za su raba mu. Kawo su mu gani.

Batun rashin sunan Kaisar a taler: doka ta faɗa, amma ƙarfin mai bugawa ne ke nuna ko zai bi. Birane da ƙananan masu sarauta suna bukatar inuwar Kaisar don kuɗinsu ya karɓu, sai su sa. Manyan da ke da ramukan azurfa nasu, irin su Saksoni da Braunschweig, nauyi da kyawun azurfa suke bi, fuskokin biyu kuwa su cika da hotonsu da garkuwarsu. Dubi taler ta Johann Georg na I na Saksoni, wanda ya yi mulki daga 1611 zuwa 1656: shi ne a gaba da takobi a kafaɗa, baya garkuwarsa ce mai takubba biyu a gicciye a tsakiya, ba gaggafar daula. Ba wanda ya ƙi karɓarta don haka, azurfarta ta cika.

Tunda kana da sikeli mai lamba biyu bayan ɗigo, yi wa babbar gwaji ɗaya don hankalinka ya kwanta, saboda taler mai mutumin daji na cikin waɗanda ake kwaikwaya a yau. Fara da maganaɗisu, azurfa ba ta kama shi. Sannan ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifili, ɗaure kwandalar da zare siriri, ka nutsar da ita gaba ɗaya ba tare da ta taɓa gindi ko gefen kofin ba. Raba 28.71 da lambar da sikelin ya nuna. Azurfa mai kashi 889 za ta ba ka wajen 10.3, wato sikelin ya nuna kusan 2.79. In jan ƙarfe ne aka shafa wa azurfa za ka sami wajen 8.9. Ruwa mai tsabta na ɗan wannan lokaci ba zai yi mata komai ba, ka dai ɗora ta a kan kyalle mai laushi ta bushe, kada ka murza. Wannan gwajin na babbar ne kaɗai, ƙananan sun yi sauƙin da sikelinka ba zai ba da amsa mai ma'ana ba. Ta zubi kuma takan tona kanta a ƙarƙashin gilashi: haruffa masu kumburi ba kaifi, 'yan ramuka kamar na allura a fili, da layin haɗi a kewayen baki. Kada ka yar da ita a tebur don jin ƙara kamar yadda wasu ke cewa, tsohuwar azurfa da ta taɓa shiga wutar maƙeri tana iya tsagewa.

Wajen ajiya, cire su daga duk wata leda mai laushi, irin wannan roba tana fitar da wani kore mai danƙo da ke cin ƙarfe, ta ukun ce za ta fara kamuwa saboda jan ƙarfenta. Ambulan takarda mara asid ko faranti mai ɗakuna ya wadatar, kowace da 'yar takardarta mai nauyi da faɗi da ranar saye. Ambulan gwanjon da rasiɗin ma ka adana su tare. Tun da Jamus ta yi dokar kare kayan tarihi a 2016 dillalai suka ƙara tambayar asalin kaya, ranar da za ka sayar ko ka yi musaya za a nemi takardar.